Ina wasiƙar ta kwana? Zare kan tarihin saƙon da aka aika bai isa ba

1/ Jama'a, zaren nan dogo ne, ku nemi wurin zama. A makon jiya imel guda ɗaya tal ya kusa jawo wa wata ƙanwata asarar gurbin karatu na shekara huɗu. An tura, kwamfuta ta ce ya tafi, can kuma suka ce ba su gani ba. Kwana uku na yi ina bin sawunsa daga nan Nariya, kuma abin da na tarar sai da ya mayar da ni shekara 200 baya. 🧵

2/ Ga yadda aka yi. Kawuna malami ne a wata makaranta a yankinmu na Kibiya da Rano. 'Yarsa ta nemi tallafin karatu a wata jami'a a ƙasar waje, suka ce sai makarantar da ta gama ta aiko da takardar shaida, kuma lallai daga adireshin imel na makarantar, ba na wani mutum ba. Shugaban makaranta ya tura ran Litinin. Ran Talata jami'ar ta rubuto wa yarinyar cewa ba su samu komai ba, kuma Juma'a za su rufe.

3/ Kawu ya kira ni. "Kai ɗan nan, ba kai ne mai aikin kwamfuta ba? Wai an aika, wai bai je ba. To a ina ya kwana?" Na ce, "Kawu, a ba ni zuwa gobe." Wallahi bai san ya yi tambayar da duk mai gyaran uwar garken imel yake fara yi ba.

4/ Ku da kuka tashi da WhatsApp kun saba: alama ɗaya ya fita, biyu ya isa, ta yi shuɗi an karanta. Imel ba ruwansa da wannan. Tsoho ne, ya girmi iyayen wasunku, kuma tafiyar fatake yake yi, zango-zango, wannan ya karɓa ya miƙa wa wancan. In ya ɓata, to ko dai akwai zangon da ya sauka bai tashi ba, ko akwai ƙofar da aka hana shi shiga. Kakanninmu sun san matsalar nan tun babu wutar lantarki.

5/ Zamanin Daular Sakkwato ana rubuta wasiƙu sosai, da Larabci, yawancinsu gajeru: sallama, addu'a, sai maganar da ta kawo. A buga hatimin mai aikowa a sama. Manzo ya sa a gafaka, ya hau doki ko ya taka sayyadarsa. Sau da yawa abin da ke bakin manzon ya fi na takardar yawa, ita takardar shaida ce cewa lallai daga wurin wane ya fito.

6/ Kuma ba don ka san hanyar Sakkwato za ka miƙa wa Sarkin Musulmi takarda hannu da hannu ba. Kowace masarauta da ƙofarta, ƙofar Kano kuwa Waziri ne. A cikin ƙasar Kano ma haka abin yake: tsakanin fada da manyan ƙasa irin su Sarkin Rano, Autan Bawo, jakadu ne ke kai-kawo. Ka tsallake ƙofa, saƙonka ya sha zama. Ku riƙe kalmar nan ta ƙofa, za mu dawo kanta.

7/ A 1824 wani Baturen Birtaniya, Hugh Clapperton, ya bi ta Kano ya isa Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu, kuma ta isa. A 1826 ya dawo da amsa da kyaututtuka, sannan a cikin kayansa akwai wata takarda ta daban zuwa ga Shehun Barno, al-Kanemi. Sai ya tarar Sakkwato da Barno suna yaƙi. Aka karɓe takardar. Ba ta ga Kukawa ba, shi kuma Clapperton ya rasu a Sakkwato a Afrilun 1827.

Adireshi daidai, manzo ya san hanya, amma zangon tsakiya ya ce ba za ta wuce ba.

8/ Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta 1902. Tun 1900 Lugard yake aika wa Sakkwato takardu, yana ƙorafin ba a ba shi amsa. Sai ya ce a watan Mayun 1902 wata takarda ta zo masa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman, wadda ma'anarta babu wata hulɗa tsakaninsu sai yaƙi. Da ita ya kafa hujja a wurin manyansa a Landan.

9/ Abin da ya biyo baya kun karanta a makaranta. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa Bebeji, nan maƙwabtanmu, ta shiga Kano ran 3 ga Fabrairu 1903. Sakkwato ta faɗi ran 15 ga Maris.

10/ To a 1964 wani tsohon jami'in mulkin mallaka, D.J.M. Muffett, ya fitar da littafi mai suna Concerning Brave Captains, inda ya nuna shakku a kan takardar nan. Asalinta na Larabci bai bayyana ba, fassarar Turanci kawai ke yawo. Alhali wasu wasiƙun zamanin suna nan: waɗanda aka tarar a gidan Waziri Buhari a 1903, H.F. Backwell ya buga fassararsu a 1927.

11/ Ni dai a ganina ko da takardar ko babu, Turawan nan sai sun zo, sun riga sun raba ƙasar a kan taswira. Amma ku lura da abu ɗaya: takardar da babu mai iya duba hatiminta, kowa yana iya cewa ta ce abin da yake so. Shekara ɗari bayan haka wannan ciwon ne ya kama imel ɗin 'yan Najeriya.

12/ Turawa suka kawo nasu tsarin. Kamfanin Royal Niger ya buɗe ofishin wasiƙu a Lakwaja a 1899. Da farko masinjoji ne ke gudu da jakar wasiƙu a ka daga zango zuwa zango, ga kuma wayar tangaraho da aka riƙa ja a kan turaku. Daga nan muka samu kalmar gidan waya. Kan sarki kuma, ai hoton kan Sarkin Ingila ne a jikin 'yar takardar da ake liƙawa a ambulan.

13/ Dogo ya iso Kano a 1911, tafiyar makonni ta koma ta kwanaki. Jiragen sama na farko sun sauka a Kano ran 1 ga Nuwamba 1925, na sojan Birtaniya ne daga Masar. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Khartoum da Kano. Wato wasiƙa ta koyi tashi sama kafin ta koyi zuwa ƙauyenmu.

14/ Domin a nan gizo ke saƙa. Daga Landan zuwa Kano an gama magana. Daga Kano zuwa Nariya fa? Gidan waya bai taɓa bin gida-gida a karkara ba. Sai dai ka ari akwati: na makaranta, na ofishin hakimi, na wani ɗan kasuwa da ke zuwa birni. A rubuta sunanka, a ƙasa a sa "ta hannun wane". Wanen nan in ya yi tafiya, ko ya sa ta a aljihun babbar riga aka kai wanki, shike nan.

15/ Ku tambayi duk wanda ya yi makarantar kwana a da, yadda ake kiran sunayen masu wasiƙa a taron safe. Ku tambayi dattawan da suka riƙa rubuta wa Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, su zauna makonni suna kasa kunne ko za a karanto tasu.

16/ Shi ya sa mutanenmu suka buɗe nasu gidan wayar ba tare da izinin kowa ba: direban tasha. Ka kai takarda tashar Rano, ka ce a ba wane a kasuwa kaza, ka ɗora ɗan na goro. Waɗanda ba sa rubutu suka koma kaset, a ɗauki muryar iyali gaba ɗaya a ba mai tafiya Legas ko Makka. Dalilin da wannan ya yi aiki shi ne in saƙo ya ɓata ka san wuyan wanda za ka riƙe.

17/ Gidan waya ma yana da nasa sawun. Kowane ofishi da wasiƙa ta bi yana buga mata tambari mai kwanan wata. In ba a samu mai ita ba, a mayar wa mai aikowa. In akwai abu mai muhimmanci a ciki sai a yi mata rajista, kowane hannu da ta shiga ya sa hannu. A 1985 aka raba tsohuwar P&T, wasiƙu suka koma NIPOST, tarho ya koma NITEL. Da GSM ta zo a 2001 yawancinmu muka manta hanyar gidan waya.

18/ Yanzu mu shiga imel. A 1971 wani injiniya a Amurka, Ray Tomlinson, ya fara tura saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan gidansa. A Agustan 1982 Jon Postel ya rubuta ƙa'idar da ake kira SMTP. Har yau da ita imel ɗinka ke tafiya, an dai yi mata ƙari.

19/ In ka danna turawa, wayarka ba ta san jami'ar da kake nufi ba. Uwar garkenku take miƙa wa. Ita kuma ta tambayi kundin adireshin intanet, DNS: wace ce ƙofar gidan nan? Amsar ita ake kira MX. Kun tuna Waziri? To shi ne. Sai ta je ta yi sallama a zauren can.

20/ Kuma sallama ce ta gaske, umarnin farko ma sunansa HELO. Kusan haka hirar take:
"Salamu alaikum, ni ce wance."
"250." (Na ji, ci gaba.)
"Saƙo ne daga wane."
"250."
"Zuwa ga wane na gidan nan."
"250."
Sai ta zube saƙon. In aka sake cewa 250, nauyi ya sauka daga kanta, ya hau kan masu gida.

21/ Duk gyaran imel a kan lambobin nan yake. Wadda ta fara da 2, an karɓa. Wadda ta fara da 4, irin su 421 ko 451, maigida ne ya ce ba yanzu ba, a dawo anjima. Uwar garke sai ta ajiye saƙon a layi ta riƙa komawa, bisa al'ada har kwana huɗu zuwa biyar kafin ta haƙura. Wadda ta fara da 5, irin su 550, korar kare ce: kada ki dawo.

22/ In an kore shi, ana rubuto maka. Saƙon nan mai ban tsoro daga wani MAILER-DAEMON da kuke gogewa ba ku karanta ba? Ba aljani ba ne, ba kuma ƙwayar cuta ba. Manzonka ne ya dawo yana gaya maka ƙofar da aka tare shi da abin da aka ce masa. Sannan kowane imel yana da layuka a ɓoye a samansa masu farawa da Received, kowane zango ya buga tambarinsa da lokaci. Daga ƙasa ake karanto su zuwa sama.

23/ Bari in ɗan ratse in ba ku labarin da masu wannan sana'a suka fi so. A tsakiyar shekarun 1990, wani mai kula da imel a jami'ar North Carolina a Amurka, Trey Harris, shugaban sashen ƙididdiga ya kira shi ya ce: imel ɗinmu ba ya wuce mil 500. Ya ce ai imel bai san mil ba. Suka ce su fa masana ƙididdiga ne, sun yi kwanaki suna tara bayanai, har taswira sun zana. 😂

24/ Ya gwada, ashe gaskiya ne. Na kusa ya je, na nesa ya faɗi. Da ya tona sai ya gano wani da aka ɗauko ya sabunta kwamfutar ya mayar da manhajar sendmail tsohon zubi ba da saninsa ba, ita kuma ba ta gane sabon fayil ɗin saiti ba, sai lokacin jiran amsa ya koma sifili. A aikace sifilin nan ya zama kashi 3 cikin 1000 na daƙiƙa. Tafiyar da haske ke yi a wannan ɗan lokaci: mil 558, kusan kilomita 900.

Da a Rano ne, saƙo zai je Jos, ya je Abuja, Legas da ƙyar, Makka kuwa sai dai a ba alhaji.

25/ Mu dawo gida. Imel ya shigo Najeriya a tsakiyar shekarun 1990, kuma ɗaya daga cikin ƙofofin farko ita ce Kwalejin Fasaha ta Yaba a Legas, ƙarƙashin wani shirin UNESCO mai suna RINAF da Italiya ta tallafa. Ba a haɗe ake kullum ba. Saƙonni su taru a kwamfuta, a buga tarho zuwa Pisa a Italiya, a zube na tafiya a kwaso na zuwa, a kashe. Ayarin fatake sak, sai ranar tashi. Misis Ibukun Odusote ta kwalejin ita ta daɗe tana riƙe da ragamar .ng kafin a kafa NiRA a 2005.

26/ A 1996 hukumar NCC ta ba kamfanonin intanet lasisi, daga nan kafe-kafe suka bazu. Mu da muka yi zamanin kafe a Kano mun san tikitin minti talatin da rabinsa ke ƙarewa kafin akwatin Yahoo ya buɗe. Yawancinsu da faranti suke kamo tauraron ɗan Adam, don haka saƙo daga Kano zuwa Kaduna sai ya leƙa Turai ko Amurka ya dawo. Sai a 2006 aka kafa IXPN, mahaɗar da kamfanonin cikin gida ke musayar kaya a tsakaninsu, a 2010 kuma wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 suka fara aiki.

27/ Nisa dai an yi maganinsa. Sai wata matsalar ta taso, ta suna.

28/ Damfarar da ake kira 419 ta girmi imel. Tun shekarun 1980 ake yin ta da wasiƙar gidan waya da fas. A ƙarshen shekarun 1990 jami'an gidan wayar Amurka sun riƙa kama tulin wasiƙu daga Najeriya masu kan sarki na jabu suna lalatawa. Mafi girma da aka yi shari'arta ita ce ta Emmanuel Nwude, dala miliyan 242 daga bankin Noroeste na Brazil, da sunan kwangilar filin jirgi a Abuja da babu ita. EFCC ta kai shi kotu, aka ɗaure shi a 2005.

29/ Da imel ya zo, babu kuɗin kan sarki, babu na ambulan. Mutum ɗaya a kafe ɗaya ya tura dubbai kafin asuba. Kuma SMTP ta 1982 an gina ta ne tsakanin mutanen da suka san juna, jami'o'i da cibiyoyin bincike. Ba ta da hatimi. Ka ce kai ne gwamnan Babban Banki, ta ce 250.

30/ Sai masu gidaje suka ɗauki 'yan gadi. A 1997 Paul Vixie ya fito da jerin baƙin littafi na farko da ya shahara, a 1998 Steve Linford ya kafa Spamhaus. Tsarin mai sauƙi ne: kowace uwar garke tana da lambar IP. In an ga shara na fitowa daga wata lamba, a rubuta ta. Kafin a amsa sallamarki sai a duba littafi. Kina ciki? 550.

31/ Matsalar ita ce lamba ɗaya mutane da yawa ke amfani da ita. Ɗan damfara ya yi aikinsa da dare, da safe ɗalibi ya zauna a kujerar ya tura takardar neman karatu, lambar ta riga ta ƙone. Wasu masu kula da uwar garke a waje ma ba su tsaya tantancewa ba, suka toshe lambobin Najeriya gaba ɗaya. PayPal bai buɗe wa 'yan Najeriya ƙofa ba sai 2014, shi ma a lokacin ka biya ne kawai, ba ka karɓa ba.

32/ Wani abin haushi da dariya: sashe na 419 ɗin yana cikin kundin laifukan da ake aiki da shi a Kudu ne, namu na Arewa daban. Amma kwamfutar da ke Jamus ba ta san Kudu da Arewa ba, ba ta san mai laifi da mai neman karatu ba. Ban ga laifin mai gadin da ya gaji da shara ba. Na dai ga cewa waɗanda suka biya bashin ba su suka ci ba, kuma yawancinsu har yau ba su san an taɓa korar saƙonsu ba, sun ɗauka ba a zaɓe su ba ne kawai.

33/ A ƙarshe duniya ta koma kan abin da magatakardan Sakkwato suka sani: a buga hatimi. SPF, wadda aka rubuta ƙa'idarta a 2006, sanarwa ce da mai gida ke liƙawa a DNS cewa ga manzannin da na yarda su yi magana da sunana. DKIM ta 2007 ita ce hatimin kansa, sa hannu na lissafi da in an taɓa saƙon a hanya zai nuna. DMARC ta zo daga baya, tana faɗa wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya zo da sunanka babu hatiminka. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara wannan, musamman ga masu tura saƙonni da yawa.

34/ To mu koma kan takardar ƙanwata. Ran Laraba da safe na hau mashin zuwa Rano, domin a gida sabis sai ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Na samu shugaban makarantar. Ya buɗe mini akwatin saƙonnin da aka aika, ya nuna da yatsa: "Ga shi nan, malam, ya tafi." Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan shaidar ya bar hannunka ce kawai. Akwai wani saƙo da ya shigo bayan ka tura?" Ya ce akwai wani mai rubutun kwaramniya, ya jefa shi shara don kada ya lalata kwamfuta.

35/ Muka tono shi. MAILER-DAEMON ne, ya dawo minti biyu bayan turawa, tun ran Litinin. A tsakiyar kwaramniyar ga layi ɗaya: 550, an ƙi karɓa, lambar IP ɗin tana cikin baƙin littafi. Wato wasiƙar ba ta kwana a ko'ina ba. A ƙofar jami'ar aka mayar da ita, manzo ya dawo ya faɗa, aka kore shi shi ma.

36/ Makarantar ba ta yi laifin komai ba. Wani kamfani ne ya yi musu shafin intanet da imel a farashi mai sauƙi, ya ɗora su a uwar garke ɗaya da ɗaruruwan wasu shafuka, duk lamba ɗaya. Gidan haya ne mai ƙofa guda. Aka yi wa ɗaya daga cikin 'yan hayar kutse aka riƙa tura damfara ta ɗakinsa, sai aka rubuta gidan gaba ɗaya. Da na duba DNS ɗin makarantar kuma, babu SPF, babu DKIM. Ga baƙin suna, ga babu hatimi.

37/ Neman a goge lamba daga baƙin littafi aikin mai uwar garken ne, kuma sai ya fara toshe ɓarakar. Ba mu da wannan lokacin. Na kwashe yinin Laraba ina kiran kamfanin, wanda ya ɗauka ya ce in kashe kwamfuta in kunna. Sai ran Alhamis da azahar na samu wani injiniyansu da ya gane karatun. Na tura masa layin 550 ɗin, bai yi musu ba. Ya mayar da saƙonnin makarantar kan wata lamba mai tsabta, ya ba ni bayanan SPF da DKIM na saka. Sai jira, domin DNS ba ya jin labari lokaci guda, sai ya zagaya.

38/ Bayan isha'i na gwada turawa zuwa wani akwatina. Na buɗe layukan saman saƙon, SPF ta wuce, DKIM ta wuce. Shugaban makaranta, Allah ya saka masa, ya dawo ofis da fitilar waya ya sake tura takardar. Injiniyan yana kallon rajistar uwar garke yana karanto mini ta waya. Ya ce, "451." Shugaban ya dube ni: "An sake kora?" Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, wannan cewa aka yi mu dawo anjima."

39/ Dabara ce da wasu gidaje ke yi wa baƙon da ba su sani ba: su ce masa ba yanzu ba, su ga ko zai dawo. Manhajar masu watsa shara yawanci ba ta da wannan haƙurin, uwar garken kirki kuwa tana komowa. Muka zauna muna korar sauro. Bayan kamar minti ashirin waya ta yi ƙara. "250."

40/ Duk da haka ban ce wa Kawu an gama ba, domin 250 na nufin an karɓa a zaure ne, ba lallai an kai wa maigida ba, yana iya faɗawa akwatin shara na can. Na sa yarinyar ta rubuta wa jami'ar daga nata adireshin, ta faɗi ranar da aka tura da lokacin da uwar garkensu ta karɓa, har da minti, ta roƙi su duba.

41/ Amsa ta shigo ran Juma'a da hantsi, layi biyu: sun gani, fayil ɗinta ya cika. Na kira Kawu yana shirin masallaci. Ya yi hamdala, ya sa mini albarka, sannan ya ce, "To a ina ta kwana?" Na ce ba ta kwana ba, a ƙofa aka tare ta saboda laifin maƙwabci. Ya yi shiru, sai ya ce in bugo masa layin nan mai 250 a takarda, zai ajiye a fayil tare da sakamakon jarrabawarta. Na bugo masa a wani shago a Rano, naira ɗari.